Kalmomin darasi da kalmomin ƙasa: ƙabila, daula da arnanci a ma'aunin tarihin Arewa

Gabatarwa

Shekarar farko ta ɗalibi a sashen tarihi, ko na ilimin zaman jama'a, ko na ilimin harsuna, tana tafiya ne wajen koyon ma'anar waɗansu kalmomi ƙalilan waɗanda aka ɗauka su ne harsashin duk karatun da zai biyo baya. Da Faransanci ake ba shi su: ethnie, État, chefferie, autochtone, animisme, tradition. In aka ce ya mai da su Hausa, ba ya ɓata lokaci: ƙabila, daula, sarauta, ɗan ƙasa, arnanci, gargajiya. Malami ya ji, ya ba shi maki, a wuce gaba. To amma sau da yawa idan ɗalibin nan ya koma garinsu binciken kundin digiri, sai ya tarar tsofaffin da yake tambaya suna amfani da waɗannan kalmomin na Hausa ta wata hanya dabam. Maimakon ya tsaya ya saurara, sai ya dinga gyara musu magana a cikin littafinsa har ta dace da abin da ya haddace.

A da ana iya cewa wannan matsala ce ta cikin aji. Yanzu ta wuce nan. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ke nan akwai littattafan makaranta da ƙamusoshin keɓaɓɓun kalmomi da za a rubuta, kuma duk fassarar da muka amince da ita yau ita ce yara za su haddace gobe.

Wannan maƙala za ta auna waɗannan kalmomi da tarihin yanki guda, wato ƙasar Arewa, wadda a yau mafi yawanta ke cikin gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jahar Doso. Abin da muke son nunawa shi ne: kalmomin darasi sunayen rukuni ne, kowace tana zana da'ira ta zuba mutane ciki, kalmomin da Arawa suka yi tarihinsu da su kuwa sunayen dangantaka ne, ba su da ma'ana sai an san wane ne ke tsaye a ɗaya gefen. Wanda ya fassara ta biyu da ta farko ya zubar da tarihin da ke cikinta.

1. Ƙasar da mutanenta

Arewa da muke nufi a nan ita ce ƙasar Arawa, kada a haɗa ta da arewacin Nijeriya. Haka kuma Tibirin da za mu ambata ta Samna ce, ba Tibirin Gobir da ke kusa da Maradi ba. Ƙashin bayan ƙasar shi ne Dallol Mawri, tsohon kwarin da ya gangaro daga arewa zuwa kudu har ya haɗu da Dallol Foga kafin ya kai Kwara a wajen Gaya. A cikin kwarin ruwa ba ya da nisa, ana samun rijiya da fadama, shi ya sa garuruwa suka jeru a bakinsa.

Labarun baka na ƙasar suna ba da zuwa biyu. Na farko shi ne na Gubawa, waɗanda aka ce sun fito daga Daura tare da Sarauniya da dutsen Tunguma, suka sauka Lugu. Kusa da nan kuma, a Bagaji, aka sami gidan Baura. Na biyu shi ne na wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari, wanda ya sauka Bagaji, ya auri ɗiyar Baura, aka haifi Akazama, wanda ake lissafawa Sarkin Arewa na farko. Masu nazarin jerin sarakuna suna kai wannan zamani wajen ƙarni na 17. Daga zuri'ar nan sarauta ta yi rassa: Matankari, Tibiri ta ƙasar Katarma, Takatsaba, Karakara da sauransu.

A ƙarni na 19 Arewa tana cikin ƙasashen da suka ƙi miƙa wuya ga Gwandu da Sakkwato. Bayan tawayen Yakubu Nabame na Kabi a 1849, Kabawa da Arawa da Zabarmawa suka haɗa kai, kuma a cikin mayaƙan wannan zamani ake ambaton Samna Karhe na Tibiri tare da Isa Korombe da Dauda Bugaran. Sulhun da aka sani da Lafiyar Toga, na shekarun 1860, ya bar waɗannan ƙasashe da ƴancinsu. A haka Turawa suka tarar da su a ƙarshen ƙarnin.

2. Ƙabila

Ma'anar da ake ba ɗalibi ita ce: ƙabila jama'a ce mai harshe ɗaya, asali ɗaya, ƙasa ɗaya, al'ada ɗaya, da suna ɗaya da ta san kanta da shi. Bari mu gwada waɗannan sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya.

Harshe. Arawan Dallol Hausa suke yi, irin ta yamma, wadda ke faɗin h a inda Kano ke faɗin f, kuma take karkata ts zuwa wajen c a gaban wasalin i, abin da ya sa Faransawa suka ji Dutsi suka rubuta Doutchi. Amma akwai Mawri masu yawa da Zabarmanci ne harshensu na gado, kamar na Sokorbe, da waɗanda suka ba unguwar Mawrey ta Yamai sunanta. Mahamane Karimou ya keɓe musu littafi guda a 1977. Ba su jin sun fita daga dangi don harshe ya sauya.

Asali. Mun riga mun gani, labarin ƙasar da kansa asali biyu yake bayarwa, Daura da Barno, kuma ba ya ƙoƙarin narkar da su su zama ɗaya. Bambancin ma shi ne jigon labarin.

Ƙasa. Akwai Arawa a jihar Kabi ta Nijeriya, inda ƙaramar hukumar Arewa Dandi mai hedikwata a Kangiwa ke ɗauke da sunansu, a ƙarƙashin masarautar Argungu.

Suna. A nan ne mai nazarin harshe ya fi samun abin faɗi. Mawri suna ne da Zabarmawa ke kiran mutanen da shi. Ta yamma Faransawa suka shigo, ta bakin tafintoci masu Zabarmanci, sai sunan ya shiga rahotanni, daga rahotanni ya shiga taswira da littattafan masana. Su kuwa mutanen, Arawa suke cewa, tilo Ba'are. To amma kalmar tana da faɗi biyu. Idan Ba'are yana magana da Bagobiri ko Ba'adare, duk mutanen Dallol Arawa ne. Idan kuwa magana ta cikin gida ce, Arawa su ne zuri'ar Ari, masu gadon sarauta, kishiyarsu Gubawa. Mutum ɗaya yana iya zama Ba'are a kasuwar Ƙonni, ya koma Bagube a Bagaji, kuma bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya.

Nahawun Hausa ma bai goyi bayan ma'anar darasi ba. Ɗafa-goshin ba- da ɗafa-ƙeyar -awa, waɗanda muke kira na ƙabila, aikinsu ya fi haka yawa. Suna nuna gari (Bakano, Kanawa), suna nuna sana'a (baduku, dukawa), suna nuna muƙami (bafada, fadawa), suna nuna bin wani shugaba (Ƙadirawa). Abin da suke faɗi kawai shi ne "mutanen kaza". Don haka Arawa na iya zama mutanen Ari, kamar yadda labarin baka ke cewa, ko mutanen ƙasar Arewa, ba tare da harshen ya tilasta zaɓi ba. Ita kanta kalmar ƙabila aro ce daga Larabci, kuma tsoho a ƙauye ya fi saurin tambayar asali, ko dangi, ko iri, ko tsaga. Tsagar Arawa, mai tashi daga gefen baki zuwa wajen kunne, ita ce alamar da ta haɗa masu Hausa da masu Zabarmanci, ga shi kuwa yanzu an rage yi wa yara ita ƙwarai.

A 1985 Jean-Loup Amselle da Elikia M'Bokolo suka fitar da littafin da ya nuna yadda mulkin mallaka ya daskarar da sunayen jama'a a Afirka ya mai da su akwatunan ƙidaya. Ɗalibanmu suna karanta shi da misalan Bambara da Bete da Ruwanda. Ga misali a ƙofar gida: rahotannin mulkin mallaka suna lissafa Mawri dabam, ƙidayar bayan ƴancin kai kuwa ta zuba masu Hausa cikin Hausawa, masu Zabarmanci cikin Zabarmawa. Mutanen ba su motsa ba, akwatin ne aka sake.

3. Daula, sarauta da ƴan ƙasa

Tun littafin Meyer Fortes da Evans-Pritchard na 1940 aka saba kasa al'ummun Afirka gida biyu: masu daula da marasa daula. Ɗalibi yakan so ya san a wane gida zai sa Arewa. Idan ya dubi Matankari da Tibiri, ga sarki, ga fadawa, ga dawaki da tambura, sai ya ce daula ce. Idan ya dubi Lugu da Bagaji, ba dogari, ba haraji, ba rundunar yaƙi ta dindindin, sai ya ce babu daula. Amsoshin biyu duka suna da hujja, domin tambayar ce ba ta dace da ƙasar ba.

Marc-Henri Piault, a littafinsa na tarihin Mawri na 1970, ya kauce wa wannan tarko: abin da ya sa a gaba shi ne hanyoyin da daula ke bi tana kafuwa, wato aiki mai gudana wanda bai kammala ba. Éliane de Latour, wadda ta yi bincike a fadar Samna, ta taƙaita tsarin a kan maƙalarta ta 1984 da ambaton masu ƙasa da masu yaƙi. Iko biyu ne ke zaune tare. Na ƴan ƙasa ya fito daga alkawarin da kakanninsu suka ƙulla da iskokin wuri lokacin da suka sari daji: su ke da tsafin ruwa, da buɗe daji, da shuka, da rantsuwa. Na sarauta ya fito daga doki da mashi: kare gari, kai hari, raba ganima, tara mutane. Sarki yana mulkin mutane, amma ƙasar da suke takawa ba tasa ba ce; ɗan ƙasa yana da ƙasa, amma ba ya ɗaura rawani.

Labarin auren Ari shi ne takardar yarjejeniyar. Tun da uwar Akazama ɗiyar Baura ce, to duk ɗan sarauta ɗan mace ne a gidan Gubawa, su kuma kawunnansa ne. Bahaushe ya san abin da ke tsakanin kawu da ɗan ƴar'uwarsa: akwai girmamawa, akwai alfarma, amma ba ya gadon gidan. Da kalmomin zumunta aka rubuta tsarin mulkin ƙasar, kuma ɗalibin da ya ajiye wannan labari a babin tatsuniya ya wuce kundin tsarin mulki bai gane shi ba.

Ko a zaɓen magaji hanyoyin biyu sun bambanta. Gadon sarauta takara ce tsakanin ƴaƴan sarki, mai ƙarfi da jama'a ya ci, wanda ya faɗi sau da yawa ya kwashi mutanensa ya je ya kafa wani gari. Wannan ne ya sa sarautar Arewa ta yi ta rassa maimakon ta dunƙule wuri ɗaya. A gidan Sarauniya da na Baura kuwa tarkama ake yi: a ɗauki gawar wanda ya rasu, ita ce za ta nuna magaji. Ba neman goyon baya, ba kyauta, domin a ganinsu ba mutane ke zaɓe ba.

Yanzu mu dubi fassarar. Daula kalmar Larabci ce, tushenta yana nuna juyawar zamani daga hannu zuwa hannu, a bakin Bahaushe kuma ta fi nufin ni'ima da wadata, kamar a ce wane yana cikin daula. Sarauta kuwa ba ta tsaya kan mulkin ƙasa ba: akwai sarkin pawa, sarkin maƙera, sarkin noma, sarkin bori. Muƙami ce da aka naɗa mutum a kan wata jama'a ko wani aiki. Ba ɗaya daga cikinsu da ta yi daidai da État na littafin shari'a, mai iyaka tsayayya da iko guda wanda ba ya da abokin tarayya.

Wadda ta fi haɗari ita ce ɗan ƙasa. A Hausar gwamnati ta yau ɗan ƙasa shi ne citoyen, mai katin ɗan ƙasa, mai ƙuri'a. A fassarar ɗalibai shi ne autochtone, wanda ya riga kowa zuwa. A Arewa kuwa muƙami ne na addini da gado, wanda ke da ma'ana saboda akwai sarauta a gefensa. Abu uku, kalma ɗaya. Tun da dokar ƙasa ta karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da haƙƙin gona na al'ada, maganar wanda ya fara saran daji tana zuwa gaban kwamitocin filaye da gaban alƙalai. Idan littafin makaranta ya bar yaro ya fahimci cewa wanda kakansa ya fara zuwa ya fi wani zama ɗan ƙasa, to mun shuka abin da ba za mu so girbinsa ba. Abin da ya faru a Kodebuwa daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aka mai da asali ma'aunin ƴancin ɗan ƙasa, ya isa ishara.

4. Yadda sarki ya zama shugaban kanto

Kalmar chefferie tana da ranar haihuwa, kuma a Arewa ana iya bin sawunta. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 14 ga Yuni 1898 ta sa iyaka ta bi tsakiyar Dallol Mawri har ta haɗu da da'irar da aka zana mil 100, wato wajen kilomita 160, daga birnin Sakkwato. A takarda ke nan an tsaga Arewa biyu ta ƙashin bayanta. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai suka nemi gyara. Yarjejeniyoyin 8 ga Afrilu 1904 da 29 ga Mayu 1906 suka tura iyakar kudu, ayarin Kyaftin Tilho da takwaransa na Ingila O'Shee kuma suka bi ƙasa suka kafa alamu. A cikin ayarin akwai tafinta Landeroin, wanda ya tattara labarun sarakunan yankin, ya kuma wallafa nahawu da ƙamus na Hausa tare da Tilho. Abin lura shi ne, rubutaccen tarihin farko na ƙasar an tattara shi ne a fada, daga bakin masu sarauta, domin amfanin masu neman wanda za su ɗora wa alhakin jama'a.

Abin da kumandan ke bukata shi ne mutum ɗaya a kan yanki ɗaya, wanda zai tara lanho, ya ba da ƴan aikin tilas da sojoji. Gidan sarauta ya dace da wannan bukata, gidan tsafi bai dace ba. Sai aka yanka ƙasar kanto-kanto, aka tsai da iyakokin da a da suke tafiya da ƙarfin sarki. Bariki ta tashi daga Matankari ta koma Dogon Dutsi, kujerar Sarkin Arewa ma ta bi ta, alhali garin yana da nasa mai sarauta, Kona. Takardar umurnin Gwamna Janar Van Vollenhoven ta 15 ga Agusta 1917 ta faɗi matsayin a fili: iko ɗaya ne a cikin da'irar mulki, na kumandan, sarakuna kuwa kayan aikinsa ne.

Abu biyu suka faru a lokaci ɗaya. Sarki ya rasa yaƙi, wanda shi ne tushen girmansa da dukiyarsa, abin da de Latour ta bi diddiginsa a Tibiri a littafi da kuma a fim. A gefe guda kuma ya sami abin da bai taɓa samu ba: iko a kan ƙasa kanta, da shari'ar gonaki, ba tare da wani gida na biyu da zai taka masa birki ba. Sarauniya da Baura ba su shiga jerin masu albashi ba, sai suka zama al'ada. Bayan soke aikin tilas a 1946, da ƴancin kai a 1960, tsarin kanto ya ci gaba. Dokar 30 ga Maris 1993 da ta 13 ga Janairu 2015 sun tabbatar da sarakuna a cikin tsarin mulkin ƙasa da sunan sarautar gargajiya.

Kalmar gargajiya daga gado ta fito, tushen gad- ne aka ninka. Idan muka kira kanto sarautar gargajiya, harshe ya riga ya yanke hukunci cewa abin gado ne tun kaka da kakanni. Gaskiyar ita ce gidajen tsofaffi ne, laƙabin Samna da na Sarkin Arewa sun girmi zuwan Turawa nesa, amma kujerar da suke kai, da iyakarta, da aikinta, ba su wuce shekara 120 da ɗoriya ba. Eric Hobsbawm da Terence Ranger sun yi magana a 1983 kan al'adun da ake ƙirƙira. Misalin Arewa ya fi wannan laushi: ba a ƙirƙiri sarauta ba, rabi aka ɗauka daga tsari mai ɓangare biyu aka ce shi ne duka.

5. Azna da Sarauniya

Edward Tylor ne ya yaɗa kalmar animisme a 1871, a matsayin matakin farko na addinin ɗan Adam, wanda ake sa ran a wuce shi. Wannan tsani na ci gaba yana cikin kalmar har yau ko da malami bai ambace shi ba. Fassarar da ake yi mata, arnanci, ta ƙara mata nauyin zagi.

A yamma azne ake cewa, jam'i azna. A wajen Maradi anne da anna. A Kano arne da arna. Kalma ɗaya ce. Siffar yamma ta riƙe baƙin asali, ta Kano kuma ta bi sauyin da August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920, inda baƙin ƙarshen gaɓa irin wannan ke komawa r, kamar biyat da biyar. Amma ma'ana ma ta sauya tare da sauti. A Kano, bayan jihadi, arne ya zama wanda ba ya salla kawai. A Arewa da Adar, kamar yadda aikin Piault da na Nicole Echard suka nuna, azna suna ne da mutane ke kiran kansu da shi ba tare da kunya ba, yana nuna masu gadon ƙasa da tsafinta, manoma da mahalba, a gefen masu sarauta. Kalmar tana duban addini ta fuska ɗaya, tana duban matsayi ta ɗaya fuskar. Sarakunan Arewa na ƙarni na 19 ma ba malamai ba ne, suna neman taimakon tsafi kafin yaƙi, amma wannan bai mai da su ƴan ƙasa ba.

Musulunci ya game ƙasar ne a ƙarni na 20, musamman a rabinsa na biyu. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogon Dutsi, ta nuna a littafinta na 2001 yadda ƴan bori ke fassara wannan sauyi da cewa salla ta zo da kasuwa da mulki ta raba mutane da iskokin ƙasa. Har ila yau ya kamata ɗalibi ya rarrabe bori, wanda kowa ke iya shiga ta hanyar girka, da tsafin gida, wanda sai an gada. Animisme ta haɗa su a buhu ɗaya.

A nan ne labarin Sarauniya Mangu ya shigo. A watan Afrilu na 1899 ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya bar kisa da ƙone-ƙone tun daga bakin Kwara, ya auka wa Lugu, mutanen garin suka tare shi da baka da kibiya, sannan suka janye cikin daji. Bayan wata uku, a Yuli, Voulet ya sa aka kashe Kanar Klobb da aka aiko ya tsai da su, daga baya hafsoshin biyu ma sojojinsu suka kashe su. Abdoulaye Mamani ya mai da wannan turjiya ƙagaggen labari a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Wagadugu a 1987. Daga nan Sarauniya ta shiga littattafan makaranta da sunan reine, mai fada da runduna.

Turjiyar Lugu gaskiya ce, kuma ta cancanci matsayin da aka ba ta. Amma Sarauniyar Lugu muƙami ce ta ƴan ƙasa, mace bayan mace, mai zama a keɓe, mai kula da alkawarin ƙasa, a garin da ake zuwa neman gaskiya wurin dutsen Tunguma. Ko da yake sunanta daga tushen sarki da sarauta ya fito, ikonta na ɗaya gidan ne. Fassara ta da reine ta ba ta irin ikon da ba nata ba, ta kuma ɓoye tambayar da ta fi muhimmanci ga mai tarihi: me ya sa a wannan shekara gidan da ba ya da dawaki ne aka fi tunawa da tsayawa? Ba a iya ko yin tambayar sai an san gidajen biyu ne.

Kammalawa

Ba muna cewa a jefar da kalmomin darasi ba ne. Ba a kwatanta Arewa da Katsina ko da Mosi sai da kalmomin da suka fi ƙasa ɗaya faɗi, kuma ilimi ba ya yiwuwa in babu kwatanci. Abin da tarihin Arewa ke nema a gare mu abu uku ne.

Na farko, a koyar da kowace kalma tare da tarihinta: wa ya ƙirƙiro ta, a wace shekara, domin wace bukata. Ɗalibin da ya san Tylor da Van Vollenhoven ba zai ɗauki animisme da chefferie kamar sunayen itatuwa ba.

Na biyu, a binciken fili a rubuta kalmar da mai ba da labari ya faɗa yadda ya faɗe ta, da karin harshensa, a kuma rubuta da wa yake magana da kuma wa yake bambanta kansa da shi. Tun 1968 Yamai take da cibiyar tattara labarun baka, wadda ta zama CELHTO, ga kuma abin da IRSH ta adana. Kayan aikin suna nan, saura a koma gare su da kunnen mai nazarin harshe.

Na uku, masu shirya ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi su guji jerin nan mai layi biyu, Faransanci a hagu, Hausa a dama, kalma ɗaya a gaban kalma ɗaya. Inda Hausa ke da kalma ɗaya mai ɗauke da abu uku, kamar ɗan ƙasa, a ware su a ba kowanne suna da misali. Inda kalmar Hausa ta fi ta Faransanci faɗi, kamar sarauta, a faɗi haka. Wannan aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin sashen harsuna da na tarihi da na ilimin zaman jama'a, kuma ya kamata a fara shi kafin littattafan su fita daga maɗaba'a, domin gyaran abin da yara suka riga suka haddace ya fi rubuta shi wuya.